Riɗin Falmata, Buhu Bakwai

Idan ka ji ana cewa a Guna akwai macen da za ta dubi tiyar gero ta gane kaza ta ɗauke ƙwaya ɗaya, to Falmata ake nufi. 'Yar Birni ce, cikin Damagaram, jikar Barebarin da suka zo da raƙuman kanwa suka ga gari ya yi musu, suka manta hanyar gida. Aure ne ya kai ta Guna, gidan Ari, tana da shekara ashirin, da kwalaben turaren wuta cike da akwati, da tafin hannun da bai taɓa gaisawa da hauya ba. Surukarta ta juya hannun nan sau biyu ta ce, to, Allah ya sa dai ta iya addu'a.

Ba ta cika shekara biyu a ɗaki ba yunwar tamanin da huɗu ta shigo. A nan 'yar Birni ta koyi jiƙa anza kwana huɗu, ana zubar da ruwan ɗaci ana sake wani, kafin a iya kai ta baki. A nan ta ga surukar nan tata, mace mai girman kai, durƙushe tana tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da suka tara. Falmata ba ta yi kuka ba. Da abin ya wuce, ta sa Ari ya gina mata ƙaramin rumbu a bayan ɗaki, kuma tun daga ranar kowace kaka sai ta fitar da tsohon gero ta zuba sabo, ta liƙe baki da laka. Ari ya yi shekara ashirin da ita bayan haka, har Allah ya karɓi ransa bai san launin cikin rumbun nan ba. Ɓerayen gidan kuwa tuni suka yi ƙaura. An ce wani tsohon ɓera yana zama a bakin ƙofa yana ba baƙin ɓeraye shawara su wuce gaba.

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan labari shi ne Ɗan Azumi, ɗan goggonta, wato taubashinta, wanda gidansa ke kallon nata. Shi ya sa mata suna Hajiyar Tiya. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “ɗan mace”.

A dubu biyu da takwas mutanen wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, suka zo da motarsu kat-kat, suka tara manoma a ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwa. Wai akwai Turawa a ƙetaren teku da ke son riɗi, wasu su ci mansa, wasu su shafa a fuska, amma sai wanda suke kira biyo. Ba a zuba masa angire, wato takin zamani. Ba a fesa masa maganin ƙwari. Ba a shuka irin nan da ake rina wa ja. Sai ka bar gamba ta tsaya tsakaninka da gonar maƙwabci, ka ajiye amfaninka shi kaɗai a sabon buhu, kada ko tsinke na wata gona ya shiga. Kaka biyu za ka yi haka ba a ba ka komai, ana zuwa ana dubawa. A ta uku, idan ba a same ka da laifi ba, sai a ɗinka wa bakin buhunka tambari, wata koriyar takarda mai hoton ganye da lambar gonarka, a saya da daraja fiye da ta kasuwa.

Mutum talatin suka sa hannu. Falmata ce ta fara dangwala yatsa.

“Allah mai iko!” in ji Ɗan Azumi, yadda kowa zai ji. “Shekara ashirin da biyar ina faɗa ba a yarda ba. Yau ga Turawa sun tsallako teku za su ba Hajiyar Tiya takardar shaidar rowa. Ai ke tun haihuwa biyo ce. Yaushe kika taɓa sayen angire?”

“Kai da ka saya, ɗan mace, ina benen da ka gina?”

Wasa ya ɗauka, ita ba wasa ta ɗauka ba. Abu ɗaya ne a ce ba ka sa wa gona angire ba don ba ka da shi, abu ne daban a ce ka ciyar da ita ba tare da shi ba. Kashin awaki ta riƙa ɗauka a ka, tafiyar rabin awa, sau huɗu kafin azahar. Tsutsa ta faɗa wa riɗin, ta daka ganyen dogon yaro ta jiƙa, ta bi tsiro ɗaya bayan ɗaya da tsintsiya tana yayyafawa, har kayanta suka yi wata guda suna ɗaci. Kafin kaka ta biyu, talatin ɗin nan sun koma shida. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa aka zana mata lambar gonarta a jikin bangon ɗaki, ta haddace siffarta kamar fuskar jika. Ita da aka ce ta iya addu'a kawai, lambarta za ta shiga jirgin ruwa.

Sai damina ta dubu biyu da tara ta zo kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ta leƙo, gero ya kai gwiwa, ta juya. Ya tsaya a nan yana jiranta har ya bushe a tsaye. Kafin bazara maza sun watse, wasu Agadas, wasu Kano, wasu Libiya. Awaki suka koma cin takarda da leda. Mata suka koma daji neman anza.

Falmata tana da wata ɗabi'a da ba ta gaya wa kowa ba: tana sauraron turame. Daga tsakar gidanta ta san sautin taɓaryar kowace mace a unguwar. Wata safiya ta lura turmin Zainabu, matar da katanga ɗaya ta raba su, mai 'ya'ya biyar da miji a Libiya, kwana uku bai yi magana ba. Ta zauna da wannan shirun har hantsi. Sannan ta ɗauki taɓarya ta fasa lakar bakin rumbu.

Ta san babu macen da za ta iya ratsa gari da ƙwarya babu komai ta tsaya a ƙofar wata. Don haka ita ta riƙa kaiwa, a cikin nata kayan, a ƙarƙashin mayafi, da rana tsaka lokacin da kowa ke ɗaki. Ta ajiye, ta yi faɗa kan wani abu daban, shara ko kuka ko akuya, ta fita. Turmi bayan turmi ta bi, wata huɗu.

To amma a ƙasar nan ba a mayar wa mutum da ƙwaryarsa wayam. In an kawo maka abu a kwano, ko gyaɗa ce 'yar kaɗan sai ka sa a ciki kafin ya koma. Mayar da shi haka nan daidai yake da cewa ba ka gode ba. Matan nan kuwa ba su da ko gyaɗar. Sai kowace ta wanke abin da aka kawo mata ta kife a ƙarƙashin gado tana jiran ranar da za ta iya. Ƙore suka ƙare a gidan Falmata, akusa suka bi, tasoshi suka bi, langar aurenta ta bi, har masakin da take wanka da shi. Ashirin da uku. Ɗan Azumi ya rantse da idonsa ya ga Hajiyar Tiya tana shan kunu a murfin buta. Matan kuma suka shiga kauce mata a bakin rijiya, saboda nauyin da ke ƙarƙashin gadajensu.

Damina ta gaba ta yi ruwa. Taimako ya zo da angire da jan iri da maganin feshi, mutane suka karɓa hannu biyu, kuma babu mai hankalin da zai zarge su. An kawo wa Falmata nata kason, ta ce a ba wani. A watan tara Mushe Bukar, mai binciken da ake turowa daga Damagaram, dogo mai tabarau da kaye, wato littafin rubutu, a hammata, ya zagaya gonarta, ya sunsuna ƙasa, ya ƙirga kwanson riɗi a jikin tsiro goma, ya rubuta.

“Ya Falmata, buhu biyar nake gani a nan. In na dawo bayan an kakkaɓe, da tambari zan zo.”

Da aka yanke gero, Zainabu ta yi ƙarfin hali ta shigo da ƙwaryar farko, cike fal. Falmata ta dube ta daga sama har ƙasa.

“Wannan na mene ne?”

“Yaya, ƙwaryarki ce.”

“Na ga ƙwaryata. Geron fa? Rumbunki ya cika ne har yana amai? Ɗauki ki koma, ƙwarya ba ta da ƙafa, ba inda za ta.”

Zainabu ta fita da kayanta, kuma kafin la'asar mata ashirin da uku sun san cewa ta ƙofa ba za a iya ba. Suka je wa Ɗan Azumi, tunda shi kaɗai ne ba ya tsoronta. Shi kuma Allah ya hore masa dabara irin wadda ake daɗewa ana gyara ɓarnarta. Ya ce gero dai ba za ta karɓa ba, kuma ku ma kuna bukatarsa. Amma kowace a cikinku ta ɗan samu riɗi. Na Falmata yana nan a tsibe kan leda a tsakar gida, an sheƙe, ana jiran Mushe. Ranar Laraba za ta Birni sunan jikarta. In kun zuba naku a kan nata, ta ina za ta mayar? Ga shi kuma za a saya mata shi da darajar Turawa, kyautarku ta ninka.

Wata ta ce, ba an ce kada a haɗa ba?

“Kada a haɗa da na banza ake nufi,” in ji shi. “Mace in ta shiga gidan miji ba 'yar gidan take zama ba? Riɗi ya shiga tsibin Falmata, ai ya zama biyo.”

Haka kuwa suka fahimci abin tun farko. A wurinsu biyo wani hali ne na Falmata, kamar tsafta, kamar albarkar hannu, abin da ta taɓa ya samu.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauko daga mota ta shiga gida. Abin da ta fara gani, kayanta ne jere a gindin katanga, ashirin da uku, an wanke sun yi fes, babu komai a cikin ko ɗaya. Ranta ya sosu kafin ta san dalili. Sai ta juya ta ga tsibin. Ta bar shi iya gwiwa, yanzu ya haura. An ma shafe samansa da tafin hannu, an gyara, kamar yadda ake gyara wa amarya gado.

Ta durƙusa ta ɗebi hannu guda. Nata fari ne tas. Ga wasu ƙwayoyi masu ɗan duhu a ciki, ga wasu manya, ga wasu da ko ita ba za ta rantse ba. Ta tura hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga ƙasa. An juya. Matan sun juya shi da kyau, don kada ta iya kwashewa daga sama.

Ta ɗauko faifai ta zauna tsinta. Wanda bai taɓa ƙoƙarin raba riɗi da riɗi ba bai san iyakar ɗan Adam ba. Daga hantsi har inuwa ta juya, abin da ta ware bai cika ludayi ba, kuma rabinsa tana zargin nata ne. A haka Ɗan Azumi ya leƙo, yana murmushin wanda ke jiran a gode masa.

“Hajiyar Tiya, an ce albarka ta sauka a gidan nan.”

“Ɗan mace, kai ne?”

“Ni? Ni dai na ga mala'iku da zannuwa suna shiga.”

“Ka san abin da ka yi?”

Ya dubi faifan, ya dubi fuskarta, murmushin ya ragu. Ta gaya masa ɓarnar da ya jawo, a hankali, ba tare da zagi ba, wannan kuwa shi ya fi ba shi tsoro. Ya zauna a kan turmi.

“To wa zai sani? Riɗi yana magana ne? Mushe zai tambayi ƙwaya ɗaya ɗaya sunan ubanta? Ke dai ki yi shiru. In kika faɗa, ba tambari kaɗai za ki rasa ba. Matan nan wata shida suna kwana a kan kunya. Jiya ne suka fara ɗaga kai. Za ki ce musu kyautarsu ce ta kashe miki shekara uku?”

Falmata ta ajiye faifan ta rufe tsibin.

Mushe Bukar ya zo ranar Asabar da ma'auni, da sababbin buhuna, da allura da zare, da tambura shida, biyar da ɗaya na ko-ta-kwana. Matan unguwa suka taru a bakin zaure da saman katanga, sun sha kwalli, Zainabu a gaba. Aka cika buhu na farko, na uku, na biyar. Tsibi yana nan. Aka cika na shida. Aka nemo na bakwai a mota, shi ma ya cika har wuya. Matan suna taɓa juna da gwiwar hannu.

Bukar ya cire tabarau ya goge, ya buɗe kaye, ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta da hannunsa.

“Biyar na ce. In na yi kuskure, rabin buhu nake yi. Amma mutum ne ni, bana kuma an yi ruwa.”

“Albarka ce, Mushe,” in ji Ɗan Azumi da sauri. “Matar nan ko tsakuwa ta shuka sai ta yi kwanso.”

“Na ji, Malam. Ita zan tambaya, haka aikin yake.” Ya juyo. “Ya Falmata, duk abin da ke cikin buhunan nan daga gonarki ya fito?”

Kalma ɗaya ake nema, gajeriya, kuma ta ga alama in ta faɗe ta zai rubuta. Tamburan suna kan gwiwarsa, ta hango lambarta a jikin na sama. Ta tuna nauyin kashin awaki a wuyanta. Ta dubi Zainabu, wadda ke murmushi da dukan haƙoranta. Sannan ta yi tunanin wata mace can a ƙasar da ba ta san sunanta ba, da za ta ɗauki kwalba ta karanta koriyar takarda ta yarda. Matar nan ba ta taɓa ganin Guna ba, ba za ta taɓa zuwa ta duba ba. Abin da ke tsakaninsu duka shi ne wannan lamba, da abin da Falmata za ta ce yanzu.

“Mushe, buɗe kayen ka rubuta da kyau,” ta ce, ta ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji. “Biyar nawa ne, ba ka yi kuskure ba. Biyu kyauta ce. Matan Guna ne suka ba ni, a shekarar da kowace ke da bakin da za ta ciyar. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yi wa wata mace irin wannan ba. Ka rubuta haka.”

Matan suka yi guɗa. Bukar bai rubuta ba tukuna.

“An haɗa?”

“An haɗa. An juya.”

“Nasu ya sha angire?”

“Ya sha. Da me za su rayu?”

Ya rufe ido kaɗan. Da ya yi magana, a hankali ya yi, amma tsakar gidan ta yi tsit har kowa ya ji. Ya ce ba zai iya ɗinka tambari a kan ko ɗaya ba, tunda babu buhun da za a ce nata ne zalla. Gona ba ta yi laifi ba, tana nan a matsayinta, zai rubuta wa biro, wato ofishinsu, yadda abin ya faru. Amma amfanin bana ya fita. Sai baɗi.

Baɗi. Falmata ta ɗaga kai ta dubi sama, kamar yadda duk wanda ya ga tamanin da huɗu yake yi in an ambaci baɗi. Bukar ya mayar da tamburan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe ta da hannu a ƙirji, ya fita.

Guɗar ta daɗe da mutuwa. Wasu matan suka zame daga katanga ba sallama. Ɗan Azumi ya buɗe baki, ta ce masa, “Kai, je ka nemo amalanke, gobe kasuwar Mirya. Kuma kai za ka ja in jakin ya gaji.” Ya fita kamar an kore shi daga makabarta.

Zainabu ce ta rage, tsaye a tsakiyar gida, hannu biyu a ka.

“Yaya, mun kashe ki. Wallahi ba mu sani ba. Da hannuna na juya shi, Yaya, da hannuna.”

Ba za a ce Falmata ba ta ji haushi ba. Shekara uku ne. Amma ta san in ta bar matar nan ta fita da wannan fuskar, za a koma kauce mata a bakin rijiya, wannan karon har abada. Ta ɗauki allurar da Bukar ya manta, ta zura zare.

“Tiya nawa kika zuba?”

“Uku da rabi.”

“Ke da 'ya'ya biyar. Ba ki da hankali, Zainabu.” Ta ja buhu na farko ta jingina da gwiwa. “Riɗinki ya fi nawa ƙiba, na gani. Mutanen Mirya za su saya ba su tambayi takarda ba.”

“Kin yafe mana?”

“Zo ki riƙe mini bakin buhun nan, yana zubewa.”

Zainabu ta share fuska da gefen zane, ta matso ta kama. Suka ɗinke bakwai ɗin kafin la'asar.